Shafukan Intanet Masu Amfani da Dabarun Bincike a Cikinsu: Lacca ga Ɗalibai da Malaman Kalgo da Gwandu

Shafin intanet wuri ne da wani mutum, ko hukuma, ko kamfani, ya ajiye rubutu ko hoto ko murya ko bidiyo a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, domin duk mai waya da data ya buɗe daga inda yake. Tsarin haɗa shafi da shafi, yadda danna kalma ɗaya zai kai mai karatu wani wurin, wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya tsara shi a 1989, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva. An buɗe shi ga jama'a a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ta hanyarta ne, ba ta kwamfuta ba, akasarin mutanen ƙasar nan suka fara ganin intanet.

A Kalgo buƙatar intanet ta ƙaru tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda ta fara aiki a garin kafin ta gina mazauninta na dindindin a Unguwar Jeji, kan hanyar Bunza. Ga kuma babbar cibiyar lafiya ta jiha. Neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, rajistar kwasa-kwasai da duba sakamako duk sun koma kan shafuka. Duk da haka, da yawa daga masu wayoyin ba su taɓa fita daga Facebook da WhatsApp da TikTok ba, har suna ɗauka waɗannan ukun su ne intanet gaba ɗaya. Wannan asara ce babba, domin mafi amfanin abin da aka ajiye a intanet yana wajensu.

Ƙofar shiga sauran shafukan ita ce injin bincike, kuma mafi shahara shi ne Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998 suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka. Akwai Bing na kamfanin Microsoft, akwai DuckDuckGo, amma aikinsu kusan iri ɗaya ne. Injin yakan aika wasu manhajoji su bi shafuka ɗaya bayan ɗaya suna kwafar abin da ke ciki. Daga nan sai ya jera kalmomin a wani ƙaton fihirisa, kowace kalma da jerin shafukan da ta fito. Idan mutum ya rubuta tambaya, ba duniya injin yake zagayawa a wannan daƙiƙar ba, fihirisarsa yake dubawa, ya jero shafukan bisa wasu ma'aunai. Ma'aunin da ya ɗaukaka Google tun farko shi ne ƙirga yawan shafukan da suka yi nuni zuwa ga wani shafi, da darajar su masu nunin.

Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan, kuma a kansu duk sauran bayanin ya dogara. Na farko, injin ba ya fito da abin da ba a ɗora ba. Na biyu, shafin da ya zo a sama shi ne wanda ya fi cika ma'aunan injin, ko wanda aka biya kuɗin talla aka sa shi can, ba lallai ne ya fi gaskiya ba. Google dillali ne, ba mai kaya ba: yana kai mutum gaban mai sayarwa, amma duba ingancin kayan aikin mai saye ne. Saboda haka ɗalibin da aka tambaye shi inda ya samo magana ya ce "a Google na gani" bai amsa tambayar ba tukuna.

Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowanne. Malamin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili bai ga ya fi ƙarfin faɗin inda ya samo iliminsa ba. Tambayoyin da ake yi wa shafin intanet ba su wuce na wancan zamanin ba: wa ya rubuta, yaushe, daga wa ya ji, kuma me zai samu idan an yarda da shi.

Dabarun bincike kaɗan ne, amma suna rage wahala ƙwarai. Idan aka sa jimla tsakanin alamun zance, injin zai nemo ta yadda take, ba kalmominta a warwatse ba. Idan aka rubuta site: a haɗe da adireshin wani shafi, binciken zai tsaya cikin wannan shafin kaɗai, misali site:gov.ng ga shafukan gwamnatin Nijeriya, ko site:edu.ng ga na manyan makarantu. Rubuta filetype:pdf yana fito da takardu da kundaye maimakon surutun dandali. Alamar ɗebewa a gaban kalma tana cire ta daga sakamako. Mai neman garin Kalgo zai yi kyau ya ƙara Kebbi a gefe, domin kalgo sunan itace ne kuma, kuma masana tsirrai da magungunan gargajiya sun yi rubutu a kansa. Haka nan a gwada kalmar Hausa sau biyu, da haruffa masu lanƙwasa da kuma babu su, domin shafuka da yawa ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ.

Mai binciken tarihi yana da ƙarin aiki, saboda Turawan ƙarni na 19 ba su rubuta sunayen garuruwa yadda ake rubuta su yau ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, Gando ya rubuta. A garin ne ya samu kwafin Tarikhus Sudan, littafin tarihin Songhai da Tumbuktu, ya kwafi sassa daga ciki, kuma ta hannunsa ne masanan Turai suka fara sanin littafin. Labarin tafiyarsa, juzu'i biyar da aka buga a 1857 da 1858, yana nan kyauta a shafin Internet Archive, amma wanda ya rubuta Gwandu a akwatin binciken littafin zai iya fita hannu rabbana, alhali bayanin yana ciki. Littattafan Larabci ma haka suke: sunan littafi da haruffan Larabci ya fi saurin fito da shi a kan sunansa da boko, domin kowa da yadda yake mayar da Larabci boko.

Shi Internet Archive, Brewster Kahle ne ya kafa shi a 1996, kuma ya tara miliyoyin littattafan da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, da tsofaffin muryoyi da finafinai. Yana da sashe mai suna Wayback Machine da ke adana kamannin shafuka a ranaku daban-daban, ta yadda idan wata hukuma ta goge sanarwa ko ta sauya ta, sau da yawa akan samu tsohuwar a can. Ɗakin karatun Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda ya ɗora hotunan rubuce-rubucen hannu daga Afirka ta Yamma, Jami'ar Boston kuma tana da taskar ajami da ta ƙunshi rubutun Hausa.

Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ranar 15 ga Janairu, 2001, ita ce kundin sani mafi girma a intanet, kuma tana da sashen Hausa. Masu sa kai ne ke rubuta ta, kowa kuma yana iya gyarawa. Wannan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta. Hanyar amfani da ita ita ce a karanta maƙala don samun hasken batu, sannan a gangara ƙasa a bi madogaran da aka jera, a ɗauki magana daga can. Kowace maƙala tana da shafin tarihi da ke nuna wanda ya sauya me da kuma yaushe. Sashen Hausa ya bunƙasa a 'yan shekarun nan, sai dai maƙalu da dama fassarar na'ura ce da ba a tace ba, har mai karatu yakan kai ƙarshen jimla bai gane inda aka dosa ba. Inda sadarwa ke da rauni, manhajar Kiwix tana ba da damar sauke Wikipedia a karanta ta ba tare da data ba, abin da ya dace da makarantun ƙauye.

A fannin harshe, ƙamusun G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, an mayar da shi shafi mai akwatin bincike. Yana da wata daraja ta musamman ga mutanen yammacin ƙasar Hausa, domin yana sa alama a kan kalmomin Sakkwatanci da na Katsinanci, saboda haka kalmar da ɗan Gwandu ya ji a bakin kakarsa, wadda ba ya jin ta a rediyo, sau da yawa tana ciki. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a Disamba 2013. Yana taimakawa wajen gane inda rubutun wani harshe ya dosa, amma yana tuntuɓe a kan karin magana da jinsi da kalmomi masu ma'ana biyu. Bai kamata a miƙa wa malami ko hukuma abin da ya fassara ba sai wanda ya san harsunan biyu ya duba. Ɗaliban sashen Hausa kuma suna samun maƙalu da sassan kundaye a shafin Amsoshi.

Masu karatun addini sun fi kowa samun rabo. Maktabatus Shamila ta tara dubban littattafan Larabci, tafsiri da fiƙihu da nahawu da tarihi, ana binciken kalma a cikinsu gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma da yawansu lambar shafinsu ta dace da ta bugun takarda, abin da ke sauƙaƙa kafa hujja. Shafin Tanzil yana da nassin Alƙur'ani da fassarori, ciki har da ta Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Shafin Addurarus Saniyya yana da sashen hadisi inda ake rubuta wani yanki na lafazin, ya fito da mai ruwaya, da littafin da hadisin yake, da hukuncin da wani malamin hadisi ya yi masa, ingantacce ne ko mai rauni ko ƙirƙirarre. Wannan ya isa ya tare yawancin saƙonnin da ake yawo da su a WhatsApp ana jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maganar da bai faɗa ba. Sai dai samun nassi daban, fahimtarsa daban. Abin da ya sa ake zama gaban malami a zaure ana biya littafi layi-layi bai gushe ba don littafin ya shiga waya.

Ɗalibin jami'a da ke rubuta kundin kammala digiri ya fara da Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, domin maƙalun mujallun ilimi da littattafai yake nema, yana kuma nuna waɗanda suka kafa hujja da kowace maƙala daga baya. African Journals Online, da aka fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, da yawansu na jami'o'in Nijeriya ne. DOAJ jerin mujallu ne da ake karantawa kyauta. Alƙaluman tattalin arziki da farashin kaya suna shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Akwai kuma shafukan da ke sayar da kundi a shirye, babi na ɗaya zuwa na biyar. Waɗannan cuta ce ga mai saye: satar fasaha ce da jami'a ke hukuntawa, kuma mutum ya fita da takardar shaida ba tare da ya koyi aikin da takardar ke shaidawa ba.

Shafukan hukumomi ba su da armashi, amma su ne suka fi taɓa rayuwar yau da kullum. Na JAMB ne ke nuna ko an ba ɗalibi gurbi, a nan kuma yake karɓa ko ya ƙi. WAEC da NECO suna da na duba sakamako. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024, ta shafinsa ake nema. Hukumar zaɓe tana da wurin duba rajistar mai zaɓe da rumfarsa. Hukumar rajistar kamfanoni tana da akwatin da ake rubuta sunan kamfani a ga ko yana da rajista. NAFDAC tana da jerin magungunan da ta amince da su, inda ake gwada lambar da ke jikin kwali. Game da rashin lafiya kuwa, shafin Hukumar Lafiya ta Duniya da na NCDC suna bayanin cututtuka irin su sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lassa, amma ba sa auna mara lafiya, ba sa rubuta masa magani. Wannan aikin asibiti ne.

Manomin shinkafa a fadama yana da shafuka biyu da ya kamata wani cikin 'ya'yansa ya riƙa duba masa. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Wanda ya ga yadda ruwan 2020 ya shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi ya san darajar gargaɗin da ya zo da wuri. Hasashe ne, yana iya saɓawa, amma ya fi jita-jita. Google Earth kuma yana nuna hoton ƙasa daga sama, har da na shekarun baya, ana iya ganin yadda gulbi ya sauya hanya ko yadda gari ya faɗaɗa ya cinye gonaki.

Labarai da Hausa suna shafukan BBC, wadda sashenta na Hausa ya fara a 1957, da DW da ta fara a 1963, da RFI da ta fara a 2007, da jaridar Aminiya. Idan hoto ko labari ya tayar da hankali, shafukan tantance labari irin su Dubawa da Africa Check sukan bi diddigi. Mutum da kansa yana iya ɗora hoton a Google Lens ko TinEye ya ga ranar da ya fara bayyana. Sau da yawa hoton da aka ce na harin jiya ne a wani ƙauye yakan zama na wata ƙasa ne, shekaru da suka wuce.

Nishaɗi kuwa YouTube ne babban gidansa. An buɗe shi a 2005, Google ya saye shi a 2006. Can finafinan Hausa masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka samu masu kallo, can kuma ake samun dambe da kokawa da bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin da ya fi waɗannan daraja shi ne tsofaffin faya-fayen da masu kishi suka ɗora: muryar Narambaɗa, da Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace, da Sani Ɗandawo, waɗanda a da sai mai kaset ko ma'aikacin gidan rediyo ke da su. Yaron da aka haifa bayan rasuwarsu yana iya jin su yau a tsakar gida. Radio Garden yana nuna duniya a dunƙule, a juya ta a taɓa gari a saurari rediyonsa kai tsaye. Stellarium yana nuna taurari da matsayin wata a kowane dare, ko da yake sanar da ganin wata yana hannun Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Duolingo yana koyar da harsuna cikin sigar wasa, kuma Faransancinsa zai amfani mai fatauci ta Kamba zuwa Gaya da Dosso. Khan Academy yana koyar da lissafi da kimiyya kyauta. Sai a lura cewa shafukan bidiyo da talla suke samun kuɗi, don haka an gina su ne su riƙe mai kallo muddin zai zauna, shi ya sa kanun ƙarya, irin na sanar da mutuwar ɗan wasan da ke raye, suke yawa. Bidiyo ne kuma ya fi cin data, rage ƙarfin hoton yana sa ta daɗe.

Tun Nuwamba 2022 da ChatGPT ya fito, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shiga sahun kayan bincike. Ba sa jero shafuka, amsa suke tsarawa da kansu daga ɗimbin rubutun da aka horar da su a kai. Suna da amfani wajen sauƙaƙa bayani mai wuya ko tsara wasiƙa. Haɗarinsu shi ne sukan ƙago sunan littafi ko shekara ko hadisi, su faɗe shi da cikakkiyar natsuwa, musamman a batutuwan da rubutu ya yi ƙaranci a kansu, kamar tarihin ƙananan garuruwa. Duk abin da suka faɗa sai an nemo asalinsa a wani wurin.

'Yan damfara ma suna da shafuka. Sukan kwaikwayi na hukuma, da tambari da launi, su yi shelar ɗaukar aiki ko rabon tallafi. Adireshi ne ke tona su: na gwamnatin Nijeriya galibi yana ƙarewa da gov.ng, na jami'o'i da edu.ng, na jabu kuwa yakan ƙara harafi ko ya sauya ƙarshen. Ba a rubuta lambar BVN, ko lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo ta saƙo, a shafin da aka shiga ta hanyar saƙon da wani ya tura. Duk shafin da ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda hanyar damfarar MMM ya bi, wadda ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Shafukan caca kuma, da ke fakewa da ƙwallon ƙafa, an lissafa su ne yadda mai shafin zai ci riba a kan jimillar masu zubawa.

Saura batun abin da babu. Tunda injin bincike ba ya fito da abin da ba a ɗora ba, ƙarancin bayani a kan Kalgo da Gwandu ba zai gyaru ba sai mutanen wurin sun ɗora. Baƙo da yawa ba ya ma gane cewa garin Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi yake, daban ne da Birnin Kebbi inda fadar Sarkin Gwandu take a yau. Hanyoyin gyara a buɗe suke. Wikipedia ta Hausa tana karɓar maƙala daga kowa, da sharaɗin kowace magana ta dogara da littafi ko jarida ko kundin da aka wallafa, ba "an ce" ba. Wikimedia Commons tana karɓar hoton da mutum ya ɗauka da kansa, na kasuwa ko masallaci ko sana'a. OpenStreetMap, taswirar da masu sa kai ke zanawa tun 2004, tana ba da damar sa sunan unguwa da makaranta da asibiti da rijiyar burtsatse. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu Hausa don na'urori su koyi jin harshen, kuma karin harshen yamma yana buƙatar masu magana da shi a ciki. Takardun ajami da na Larabci da ke cikin gafakar gidajen malamai ana iya ɗaukar hotonsu da waya, bayan an nemi izinin masu su: a shimfiɗa takardar a wuri mai haske ba cikin rana ba, a ɗauki kowane shafi bi da bi har da bango, a rubuta sunan littafin da mawallafinsa da wanda ya kwafa da gidan da yake, sannan a ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatun jami'a kafin a ɗora.